SABUNTA TSARIN SALULA: A FITAR DA KAYA KAFIN A SAKE RUFIN ƊAKI

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, yau salula ta shiga kowane gari. Da ita muke jin muryar ɗiyanmu da suka tafi cin rani Abijan, ko Kano, ko Libiya. Da ita muke tambayar kuɗin gero da wake a kasuwa kafin mu ɗora buhu bisa amalanke. A cikinta muke ajiye lambobin dangi, da hotunan biki, da saƙon kuɗin da aka aiko mana.

Wata rana sai mai babbar waya, irin wadda ake shafawa da yatsa, ya ga rubutu ya fito bisa fuskarta da faransanci: Mise à jour. Ma'anarsa sabuntawa. Wayar tana neman izini ta sake tsarin da ke cikinta. Wasu suna dannawa nan take, ba su tambayi kowa ba. Wasu kuma tsoro suke ji, ba su taɓa dannawa ba. Kowane ɓangare akwai haɗari a cikinsa. Bari mu yi bayani dalla-dalla, domin kowa ya san abin da zai yi.

MINE NE BABBAN TSARI?

Waya abu biyu ce. Akwai jikinta, wanda muke riƙewa da hannu: gilashi, batir, kamara, da wurin saka sim. Akwai kuma umurnin da aka rubuta aka zuba a cikinta, wanda ido ba ya gani. Mafi girma cikin wannan umurni shi ne babban tsari. Masu gyaran waya suna ce masa sistem.

Babban tsari shi ne maigidan waya. Shi ke kunna ta. Shi ke karɓar kira. Shi ke ba kowane aiki wurin zamansa. WhatsApp da Facebook da sauran abubuwan da ake kira aplikasiyo, duk baƙi ne a gidansa. In maigida bai tashi ba, babu baƙon da zai yi motsi.

Yawancin wayoyin da ke hannunmu, kamar Tecno, Itel, Infinix da Samsung, babban tsarinsu sunansa Android. Kamfanin Google na Amurka ne ke yin sa. Waya ta farko mai Android ta fito a 2008. Wayar iPhone tana da nata tsari, na kamfanin Apple. Kwamfutocin ofis kuwa, yawancinsu Windows ne gare su, na kamfanin Microsoft.

Kusan kowace shekara ana fitar da sabon Android, kuma kowane yana da lamba. Android 10 ya fito a 2019. Android 13 ya fito a 2022, Android 14 a 2023, Android 15 a 2024, Android 16 a 2025.

Masu ƙaramar waya mai maɓallai, wadda ake kira da ita kawai, wannan magana ba ta dame su sosai ba. Amma su saurara, domin gobe suna iya sayen babba.

SABUNTAWA IRI BIYU CE

Akwai ƙaramar sabuntawa. Ita kamar yaɓe ce. Kafin damina maigida yana zagaya ɗaki, ya toshe inda ya tsage. Haka kamfani ke aiko ɗan gyara, ya toshe ƙofar da ɓarayin intanet suka gano. Tun 2015 Google yana fitar da irin wannan gyara kowane wata, ko da yake ba kowace waya yake isowa ba. Ƙaramar sabuntawa ba ta sake lambar Android. Haɗarinta kaɗan ne.

Akwai kuma babbar sabuntawa. Ita ce ake tashi daga wata lamba a koma wata, misali daga Android 13 zuwa Android 14. Wannan kamar sake rufin ɗaki ne. Ana cire tsohuwar azara, a sa sabuwa, alhali kayan maigida suna ciki. In aiki ya yi kyau, ɗaki ya ƙara ƙarfi. In azara ta kuɓuce, tukwane sun fashe. A wannan babbar sabuntawa ne aka fi samun ɓarna.

DOMIN MI ABU KE LALACEWA?

Dalili na farko: aiki ya tsaya a tsakiya. Lokacin sabuntawa wayar tana share tsohon tsari, tana rubuta sabo. In batir ya mutu a daidai wannan lokaci, tsohon ya tafi, sabon bai cika ba. Sai wayar ta ƙi tashi. Ko kuma ta nuna sunan kamfani, ta mutu, ta sake nunawa, ta sake mutuwa, ba iyaka. Tun Android 7, a 2016, an ƙirƙiro wata dabara: wasu wayoyi suna da ɗaki biyu na tsari. Ana rubuta sabon a ɗaki na biyu, in bai yi ba sai wayar ta koma na farko. Amma ba dukan wayoyi ke da wannan ba, musamman tsofaffi.

Dalili na biyu: rashin tafinta. Kowane sashe na jikin waya yana da harshensa. Kamara da nata, lasifika da nata, abin kama rezo da nasa. Tsakaninsu da babban tsari akwai ƙananan umurni masu aikin tafinta. In an sake maigida, dole a sake tafinta ma. In aka yi kuskure wurin tafinta guda, sai wayar ta tashi lafiya amma kamara ta ƙi ɗauka, ko murya ta ƙi fita, ko rezo ya ɓace.

Dalili na uku: tsofaffin baƙi ba su san dokar sabon maigida ba. An gina kowace aplikasiyo ne bisa dokar tsarin zamaninta. In doka ta sake, mai aplikasiyo kuma bai gyara kayansa ba, sai ta daina buɗewa. A 2017, da Apple ya fitar da tsarinsa mai lamba 11, tsofaffin aplikasiyo masu yawa sun daina aiki gaba ɗaya. Android 14 kuma ba ya yarda a saka aplikasiyon da aka gina domin tsarin da ya girmi Android 6. Wadda ke cikin wayar tun da, ana barin ta. Amma in an share ta, ba ta sake shiga.

Dalili na huɗu: kaya ya fi ƙarfin jaki. Sabon tsari sau da yawa ya fi tsohon nauyi. Yana son wuri mai yawa, yana son ƙarfi. Tsohuwar waya mai ƙaramin ciki tana iya karɓarsa, amma sai ta riƙa jan jiki, tana zafi, batir yana saurin ƙarewa. In kuma cikinta ya cika da bidiyo da hotuna, sabon tsari ba zai samu wurin sauka ba.

Dalili na biyar: kuskuren kamfani da kansa. Irin wayoyin da ke duniya dubbai ne. Kowane mutum kuma da abin da ya zuba cikin tasa. Babu kamfanin da zai iya gwada sabon tsari bisa dukansu. Wani aibi ba ya bayyana sai kaya ya shiga hannun jama'a.

ABIN DA YA TAƁA FARUWA

Kada wani ya ce ƙananan kamfanoni kaɗai ke kuskure. Ga misali uku daga manya.

Ranar 24 ga Satumba 2014, Apple ya aika da wani gyara ga wayoyin iPhone. Masu sabuwar iPhone 6 da suka yi saurin dannawa sai suka ga rezo ya ɓace. Ba su iya kira, ba a iya kiransu. Wurin sa yatsa a buɗe wayar ma ya daina aiki. Cikin kamar awa guda kamfanin ya janye gyaran. Ya ce wayoyin da abin ya shafa ba su kai 40.000 ba. Kashegari ya aiko da wani gyaran. Wanda ya jira kwana biyu bai ga komi ba. Ku lura, wannan ma ƙaramin gyara ne da ya biyo bayan sabon tsari da mako guda.

A watan Fabrairu 2018, Samsung ya fara aika Android 8 ga wayoyinsa Galaxy S8. Sai wasu wayoyin suka riƙa mutuwa suna tashi da kansu. Kamfanin ya tsayar da aikawa, ya gyara, sannan ya ci gaba.

A farkon Oktoba 2018, Microsoft ya fitar da sabon zubi na Windows 10. Wasu mutane da suka saka shi, da suka buɗe kwamfuta sai suka tarar takardunsu da hotunansu sun ɓace. Ranar 6 ga Oktoba kamfanin ya tsayar da shi. Bai sake fitar da shi ba sai 13 ga Nuwamba. Kamfanin ya ce abin ya taɓa kamar mutum 1 cikin 10.000. Wannan adadi kaɗan ne. Amma mutumin nan guda da aikinsa na shekaru ya ɓace, a wurinsa asarar cikakkiya ce.

Abin da za mu koya a nan shi ne: waɗanda suka fara dannawa su ne suka fara shan wuya. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

TO, A ƘI SABUNTAWA KE NAN?

A'a. Ɗakin da ba a yaɓe ba, damina ce za ta kayar da shi.

A watan Maris 2017 Microsoft ya aika da gyaran wata ɓaraka da ke cikin Windows. Ofisoshi da yawa ba su saka gyaran ba. Ranar 12 ga Mayu 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta shiga ta wannan ɓaraka. Ta kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, tana neman a biya kuɗi kafin ta buɗe. A Ingila asibitoci sun mayar da marasa lafiya gida, domin likitoci ba su iya ganin takardunsu. Waɗanda suka saka gyaran watan Maris sun tsira.

Akwai kuma wata matsala. Aplikasiyo suna barin tsohon tsari a baya. Tun 24 ga Oktoba 2023, WhatsApp ya daina aiki bisa wayar da tsarinta bai kai Android 5 ba. Kamfanonin da kansu suna daina kula da tsohon kaya. Microsoft ya rufe gyaran da ya saba aika wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025.

Saboda haka ƙaramar sabuntawa, a riƙa yin ta. Babbar sabuntawa ma a yi ta, amma sai an shirya.

SHIRI KAFIN A DANNA

1. A jira. In sabon tsari ya iso, a bar shi mako biyu ko uku. A tambayi mai gyaran waya a ranar kasuwa. A tambayi wanda ke da irin wayarka, in ya riga ya yi. In tasa ta samu matsala, kai ka dakata. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

2. A tabbata saƙon na gaskiya ne. Sabuntawa ta gaskiya tana cikin wayar, a wurin da aka rubuta Paramètres. Ba ta zuwa ta WhatsApp. Ba ta zuwa ta saƙon wani baƙo mai cewa danna nan. Ba ta tambayar lambar sirrin kuɗinka. Duk wanda ya tambayi wannan lamba da sunan sabuntawa, ɓarawo ne.

3. A fitar da kaya. Wannan shi ne mafi girma cikin shawarwarin. Hotuna da bidiyo da muryoyin da kake so, a kwafe su bisa katin memwar, ko a tura su wayar wani amintacce na gida. In an kwafe, a cire katin a gwada shi cikin wata waya, a ga ko kayan suna buɗewa. Wasu wayoyi suna haɗe katin da cikinsu, su kulle shi. Irin wannan kati ba ya buɗewa a wata waya, kuma ba ajiya ba ne.

4. A rubuta lambobi a littafi. Lambar ɗanka da ke waje, ta likita, ta malamin gona, ta malamin dabbobi, ta mai motar kasuwa. A rubuta suna, a rubuta lamba a gabansa, a sake karantawa sau biyu. Littafi ba ya buƙatar caji. Sakatariyar ƙungiyar mata ko ma'ajin ƙungiyar manoma da ke riƙe da lissafin asusu cikin waya, lalle su kwafe shi a takarda. Kuɗin mutane ashirin bai kamata ya rataya ga waya guda ba.

5. A san sunan asusun Google da kalmar sirrinsa. A nan mutanenmu da yawa ke faɗawa rami. Ranar da ka sayi wayar, mai shago ko wani yaro ne ya buɗe maka asusu, ya sa kalmar sirri, kai ba ka riƙe ba. Tun 2015 wayoyin Android suna da makulli saboda ɓarayi. In aka wanke wayar da ƙarfi, ba ta buɗewa sai an ba ta wannan suna da wannan kalma. Mai waya na gaskiya ma, in bai sani ba, makullin ya kama shi. Je ka nemi wanda ya buɗe maka tun yanzu. Ka rubuta, ka ɓoye takardar inda kake ɓoye katin ɗan ƙasa.

6. A yi wa WhatsApp ajiya. Saƙonni da muryoyin WhatsApp a cikin wayarka suke zaune. In an wanke ta sun tafi, sai fa in an yi ajiyarsu a asusun Google. Akwai wurin yin haka cikin WhatsApp, an rubuta Sauvegarde. Wanda bai gane ba ya nemi a nuna masa.

7. A share wuri. A cire bidiyon da aka riga aka kalla. Babban tsari yakan wuce giga 1, wani lokaci ya kai 2 ko 3. Giga guda kuwa kamar mega 1.000 ne. A lissafa kuɗin megan kafin a fara, kada su ƙare a hanya. In za a shiga birni inda rezo ke da ƙarfi, gara a bari sai can.

8. A cika batir. Ya wuce rabi sosai, in da hali a bar wayar a jone da caji. Mai batir da ya kumbura, ko mai mutuwa ba dalili, ya sake batir tukuna.

9. A zaɓi rana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a yi sabuntawa ranar da ake jiran saƙon kuɗi, ko ranar da mace ke kan gwiwa, ko daren tafiya. Lokacin bazara kuma a yi ta da sanyin safiya ko da dare, cikin inuwa. Wayar tana ɗaukar zafi lokacin wannan aiki.

IN AN FARA

In ka danna, ka ajiye wayar. Za ta mutu ta tashi, wataƙila sau biyu ko uku. Za ka ga wani layi yana cika a hankali. Aikin yana iya ɗaukar minti 20, yana iya kai awa guda. Kada ka kashe ta. Kada ka cire batir. Kada ka ba yara su riƙe.

In ta gama, ka gwada komi a ranar. Ka kira wani, ka ce shi ma ya kira ka. Ka ɗauki hoto. Ka aika murya. Ka duba lambobinka. In a kwana biyu na farko wayar tana zafi, batir yana saurin sauka, kada hankalinka ya tashi. Tana shirya kayanta ne a sabon ɗaki. In abin ya wuce mako guda, sai a kai ta wurin gyara.

Ku sani kuma, a waya komawa tsohon tsari abu ne mai wuya. Yawanci sai an share duk abin da ke ciki, wasu wayoyin ma ba su yarda ko kaɗan. Shi ya sa tunani yake zuwa kafin dannawa.

IN WAYAR TA ƘI TASHI

Da farko a sa ta caji awa guda. Sannan a danne maɓallin kunnawa a riƙe, a ƙirga har talatin. Sau da yawa wannan ya isa.

In bai yi ba, a kai wa mai gyara wanda aka sani. Kafin ka miƙa masa, cire sim ɗinka da katin memwar. Ka tambaye shi: «Aikin da za ka yi zai share kayana?» Abin da masu gyara ke kira filashi, watau sake zuba tsari daga kwamfuta, yawanci yana share komi. Ka ce masa ya duba lambar irin wayar da kyau. Waya biyu suna iya kama da juna kamar tagwaye, amma tsarinsu dabam. In aka zuba wa waya tsarin wata, tana iya mutuwa ɗungum.

Ga labari mai sanyaya rai. Kuɗin da ke cikin asusun layinka ba a cikin wayar suke ba. Suna wurin kamfani, da sunan lambarka. In waya ta lalace, ka sa sim cikin wata, kuɗinka suna nan. Abin da ke ɓacewa shi ne saƙon da ke ɗauke da lambar karɓar kuɗi. Saboda haka duk lokacin da irin wannan saƙo ya shigo, a kwafe lambar a takarda.

GA MASU KWAMFUTA

A ofishin magajin gari, da gidan likita, da wasu ƙungiyoyin manoma, akwai kwamfuta. Dokar ɗaya ce. A kwafe takardu a wani wuri dabam kafin a fara. A tabbata injin buga takarda zai yi aiki da sabon tsari, domin tsohon inji sau da yawa ba ya samun sabon tafinta. In kwamfutoci sun fi guda, a gwada bisa ɗaya, a yi aiki da ita mako guda, sannan a taɓa sauran. Kada a yi wannan aiki ƙarshen wata, lokacin lissafi. Windows yana ba da kwana 10 na komawa tsohon tsari bayan babbar sabuntawa. In kwana 10 sun wuce, ƙofar ta rufe.

Masu yin tsarin da kansu sun san amfanin jira. Akwai wani tsarin kwamfuta na kyauta mai suna Ubuntu. Wani sabon zubinsa ya fito a watan Afrilu 2024. Amma masu shi ba su gayyaci masu tsohon zubi na 2022 su hau sabon ba sai ƙarshen Agusta, bayan an yi wata huɗu ana gano kurakurai ana gyarawa.

MU TATTAUNA A AJI

Malamin aji ya karanta wannan bayani tare da ɗalibai, sannan a amsa waɗannan tambayoyi:

Mine ne bambancin ƙaramar sabuntawa da babba?

Wa ya buɗe maka asusun wayarka? Ka san kalmar sirrinsa?

In wayarka ta mutu yau da dare, lambar wa za ka fara nema? Tana rubuce a wani wuri?

Aikin gida na wannan mako: kowane ɗalibi ya samu shafi guda a littafinsa. Ya rubuta sunayen mutum goma da lambobinsu. Wanda ba shi da waya ya rubuta wa maƙwabcinsa, ko wata tsohuwa ta gidansu. A zo da littafin ranar karatu mai zuwa, malam ya duba ko lambobin sun cika takwas-takwas.